Ƙungiyar Shata: Daga Dandalin Musawa Zuwa Funtua

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, da kuma masu son karatu a natse.

Yau kiɗa za mu taɓa. Akwai 'yan tsiraru a cikinku masu jin kiɗan Turawan nan mai ƙara, wanda ake kira metalko, na jita mai lantarki da ganguna kamar ana sussuka, mawaƙin yana ihu har jijiyar wuyansa ta fito. Sun daɗe suna damuna in yi shiri a kan wata ƙungiya ta Ingila mai suna Bring Me The Horizon. To bari in ba su nasu a gurguje. Samari ne 'yan garin Shefil, garin da ya yi suna da masana'antar ƙarfe, suka haɗu a 2004. Kundinsu na farko da ya fito a 2006 ihu ne zalla daga farko har ƙarshe, wanda bai saba ba ko minti biyu ba zai iya ba. Zuwa 2013, lokacin kundin Sempiternal, sun ɗauko wani mai fiyano da kwamfuta, Jordan Fish, jagoransu Oli Sykes kuma ya fara rera waƙa da murya mai laushi a tsakanin ihun. A 2019 suka saki kundin amo, wanda wani sashensa ma kiɗan rawa ne, ya zama na ɗaya a kasuwar Ingila. Tsofaffin masoya suka ce an sayar da su, sababbi kuma suka cika manyan filaye.

Abin da ya ɗauki hankalina a labarinsu shi ne yadda masoyansu ke riƙe da tarihin. Yaro ɗan shekara sha bakwai zai gaya maka wanda ya buga jita a kundi kaza, shekarar da wane ya fita, da inda sautin ya juya. Mu kuwa nan muna da ƙungiyar da ta yi fiye da shekara hamsin tana aiki, kusan arba'in daga ciki da mazauni a Funtua, amma in mun tashi magana sai ka ce mutum ɗaya ne ya yi komai. "Shata ya ce." Shi kenan. Ku tara matasa goma a Tudun Wada ko Jabiri ku ce su faɗi sunan makaɗi ɗaya da ya riƙe wa Shata kalangu, ku ga yadda za a yi shiru. Don haka yau ina so mu saurari Mamman Shata yadda waɗancan ke sauraron nasu: a matsayin ƙungiya, mai kayan kiɗa, mai tsari, mai sautin da ya bi zamani yana canzawa.

An haifi Muhammadu Shata a Musawa a 1923, arewa kaɗan da Malumfashi. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafulatani ne, kuma gidansu ba gidan roƙo ba ne. Wannan muhimmi ne, domin a wancan zamanin kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi shi ke kiɗa, ɗan maƙeri shi ke ƙira. Ɗan Fulani ya ce zai tsaya gaban jama'a yana waƙa ana ba shi kuɗi, abin kunya ne ga dangi, kuma mahaifin bai so ba. Yaron ya yi tallan goro, ya yi na alewa. Ana ba da labarin cewa in ya sayar sai ya rabar da kuɗin a hanya, in an tambaye shi ya ce ya yi shata da su, daga nan sunan ya bi shi. Waƙar kuwa a dandali ta fara, wajen wasan samari da 'yan mata na dare, irin kiɗan asauwara da ake yayi a ƙasar Katsina lokacin. Wato kiɗan yara ne, wanda dattijo in ya wuce sai ya tsuke baki.

To a nan sai mu tsaya a kan kalangu, don in ba ku gane matsayinsa ba ba za ku gane girman abin da aka yi ba. Kayan kiɗan Hausa suna da daraja hawa hawa, kamar mutane. Tambari da kakaki na sarki ne. Kotso da taushi na makaɗan fada ne, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Zamfara, ko Sarkin Taushin Katsina. Kalangu kuwa kiɗan mahauta ne tun asali, shi ake kaɗa wa a san an yi yanka. Shi ake yi wa 'yan dambe, shi 'yan mata ke rawa da shi a dandali da wajen biki. Kiɗan kasuwa ne, kiɗan ƙura. Ba a shiga da shi gaban sarki a matsayin kiɗan sarauta. Wanda ya ɗauki kalangu ya riga ya faɗi ɓangaren da yake.

Amma kalangu yana da abin da yawancin sauran ba su da shi kamar yadda yake da shi: yana magana. Icen nan an sassaƙe shi da ƙugu a tsakiya, fata a baki biyu, tsarkiyoyi sun haɗa su. Makaɗi ya rataya shi ya sa a hammata, in ya matse tsarkiya fatar ta ɗaure sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, shi ya sa kalangu ke iya faɗin take, ya kira sunan mutum, ya yi masa kirari, har ya yi habaici, wanda ya san kan abin ya ji sarai. Kuma ba a kaɗa shi shi kaɗai. Akwai babban da ke jan ragama yana magana, akwai ƙanana masu karɓa, akwai ɗan kuntukun nan mai ƙaramar murya da ke riƙe da ƙafar kiɗan ba ya gocewa. In kun sa abin sauraro a kunne kuka bi wata waƙar Shata kuka ƙyale muryarsa na minti ɗaya, za ku ji mutane ne da yawa ke hira a ƙarƙashinsa, kowa da layinsa.

Yanzu tambaya: me ya sa kudancin Katsina ne ya iya ɗaukar nauyin ƙungiya irin wannan? Amsar auduga ce. Ƙasar nan daga Malumfashi zuwa Bakori, Danja, Funtua, Faskari, tana da ruwan sama fiye da arewacin Katsina, ga laka mai riƙe danshi. Turawan kamfanin auduga na BCGA suka kafa gidajen gurza a Funtua da Malumfashi, har yau sunan na nan a bakin mutane a matsayin unguwa. Aka buɗe gonar iri a Daudawa. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya wuce Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Funtua da take ƙaramin wuri a ƙasar Maska sai ta zama tasha, ta cika da baƙi: 'yan kasuwa, leburori, direbobi, ma'aikatan jirgi, Yarbawa, Ibo, kowa da kowa. Da kaka in aka kai auduga fuloti aka auna aka biya, kuɗi na shiga hannun manomi a dunƙule, lokaci guda. Lokacin ake aure, lokacin ake suna da armashi, lokacin ake kiran makaɗa. Makaɗin fada sarki ke ciyar da shi, ya ba shi doki da riga da hatsi. Makaɗin da ba shi da fada kuwa sai inda kuɗi ke yawo a hannun talaka, kuma nan suke yawo.

Har hanyar da Shata ya bi ya baro Musawa ma ta auduga ce. Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, yana aikin En'e a Bakori a harkar sayen auduga da gyaɗa, shi ya jawo shi can. A Bakori ya zauna, ya yi aurensa na fari, daga nan kuma yake fita da makaɗansa zuwa garuruwa, Katsina, Kano, Zariya, da ƙauyukan da ke tsakani.

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne sosai, don a ganina nan ne sirrin ƙungiyar yake.

Ku ɗauki waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo. Jagora zai fara layi, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, wani lokaci su ƙara nasu, wani lokaci a yi ta miƙa wa juna kamar ana jifa da ƙwallo, kafin a dawo gindin waƙa. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi bayanin wannan tsari dalla dalla. Abu ne mai kyau ƙwarai, amma yana da tsada. Dole a zauna a shirya waƙar, kowa ya haddace rabonsa, a maimaita har ta zauna. In ɗan amshi ɗaya ƙwararre ya tafi, an yi rashi babba. Tsari ne na mutanen da ke zaune wuri ɗaya, ƙarƙashin ubangida ɗaya, suna da lokaci.

Ƙungiyar Shata ta bi wata hanya dabam. Gindin waƙa gajere ne, sau da yawa layi ɗaya, wani lokaci ma sunan mutum ne da ɗan kirari. 'Yan amshi aikinsu su riƙe wannan layin, su dawo da shi daidai kan kiɗa duk sanda jagora ya ajiye numfashi, ko sau ɗari ne. Ba sa ƙarasa masa magana, don ba su san abin da zai faɗa ba. Shi kansa sai ya buɗe baki yake sani. Kowa ya san Shata da cewa ba ya zama ya shirya waƙa, nan take yake yin ta, ya kalli mutum ko a raɗa masa sunansa da na ubansa da garinsu, ya ba makaɗa gindi, su ɗauka, a tafi. Wasu na jin wannan sai su ce ai amshin Shata ba wuya. Ni kuwa ina cewa ku gwada. Ka tsaya minti ashirin kana sauraron mutumin da ba ka san inda zai tsaya ba, layinsa wani gajere wani dogo, wani lokaci ya bar waƙar ya shiga zance, kuma dole ka faɗo daidai wurin, da murya ɗaya da sauran, ba gaba ba baya. Mai babban kalangu kuma yana bin bakinsa, in ya ambaci mutum ya kaɗa masa takensa, in ya yi zambo ya ƙara masa gishiri. Wannan ƙwarewa ce ta sauraro, kuma ba a samunta sai an daɗe tare.

Ku dubi abin da tsarin ya ba su. Za su iya yin wasa uku a garuruwa uku cikin kwana biyu, kowane da sababbin waƙoƙi. Za su iya yi wa wanda ba su taɓa gani ba waƙa. In wani ya bar ƙungiya, sabo zai iya shiga amshi ya koya a kan aiki. Kuma mai sauraro, ko yau ya fara jin waƙar, kafin minti biyu ya iya gindin yana bi. Tsarin makaɗan tafiya ne, na zamanin mota da tasha. Masu jin metalko a cikinku za su gane wani abu a nan: su ma waƙoƙinsu a kan musayar murya biyu aka gina su, mai kaushi da ke zuba magana, da mai daɗi da ke dawowa kowa ya bi. Bambancin, su a situdiyo suke tsara nasu wata da watanni, waɗannan kuwa a gaban jama'a ake ginin, in ya rushe kowa na gani.

Shekarar 1952 ita ce mahaɗa. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarauta da dama suka yi aure lokaci guda. Shata da mutanensa suka yi wasa a wurin, daga nan sunansa ya wuce na makaɗin lardin Katsina. Ku lura da abin da ya faru: kiɗan mahauta da 'yan mata ya shiga bikin gidan Dabo, kuma bai canza riga ba. Ba su ajiye kalangu sun ɗauki kotso don su yi kama da makaɗan fada ba. Masu sarauta ne suka matso suka saurari kalangu.

A 1960 ya koma Funtua, ya mai da ita gida har ƙarshen rayuwarsa, duk da yana da gida a Kano. Ku kalli taswira ku ga dabarar. Daga Funtua hanya ta yi Zariya da Kaduna, wata ta yi Gusau da Sakkwato, wata ta bi Bakori da Malumfashi ta nufi Katsina ko Kano, wata ta bi Dandume zuwa Birnin Gwari ta gangara kudu. Ƙungiyar da abincinta ke kan titi ba ta da mazaunin da ya fi wannan. Kuma a wannan lokaci ƙungiyar ta zama ma'aikata sosai. Ban da makaɗa da 'yan amshi akwai maroƙa da sanƙira masu shela, su ke sanar da wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar, su cika wurin da kirari kafin jagora ya dawo. Akwai direba, akwai masu ɗaukar kaya, akwai masu shirya inda za a sauka. Kyautar da aka samu, kuɗi ne, riguna ne, dawaki, daga baya har motoci, jagora ke rabawa. Gidaje da yawa a Funtua da wannan rabon aka ci abinci.

Sai na'ura ta shigo, kuma ita ce ta fi taɓa sautin. Lasifika ta fara. Kafin ita, mawaƙi da ƙarfin huhunsa yake ƙetare kalangu huɗu ko biyar, shi ya sa tsofaffin mawaƙan dandali ke ɗaga murya sama su matse ta. Da makirfo ya zo, jagora na iya sassauta murya, ya yi ƙasa da ita, ya yi magana kamar yana hira, kuma na bayan fili ya ji. Sai rediyo. Gidan rediyo da talbijin na Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai muryar ƙungiyar inda motarsu ba ta taɓa zuwa ba, har Nijar, Gana, Kamaru, Cadi, da zangon Hausawa na Sudan. Sai faifai. Tsohon faifan garmaho minti uku ne da 'yan kai a kowane gefe, dole a datse waƙa a matse ta. Babban faifan da ya biyo baya, irin wanda kamfanin EMI ya riƙa buga musu, yana ɗaukar kusan minti ashirin a gefe. Kaset kuma da ya cika kasuwa daga shekarun 1970 ya ba da awa guda ko awa ɗaya da rabi, ga arha, ga sauƙin kwafa. Kowace tasha, kowane shagon tela, kowace motar haya ta zama dandali.

In kun jera tsofaffin ɗauka da na baya kuka saurara a jere, ga abin da kunnena ke ji. Na farkon suna da sauri da zafi, muryar siririya ce tana sama, ƙurar dandali ba ta gama sauka daga kansu ba. Na tsakiya, shekarun 1960 zuwa 1970, nan ƙungiyar ta cika ta batse: kiɗan ya zauna, amshin ya yi kauri, muryar ta yi faɗi, ana iya jan waƙa ɗaya a yi ta juya ta ba a gaji ba. Na ƙarshe kuwa tafiyar ta yi sanyi, muryar ta yi ƙasa ta yi kaushi, zance ya yi yawa a cikin waƙar, dattijo ne ke ba da labari kalangu na rakiya. Wanda yake son ya ji wannan a wuri ɗaya ya nemi Bakandamiya, waƙar da yake wasa kansa a ciki. An ɗauke ta sau da yawa a shekaru dabam dabam, gindin na nan yadda yake, amma ɗiyan suna ƙaruwa, ana shigo da sababbin wurare da sababbin mutane. Waƙa ɗaya ce da ta tsufa tare da masu yin ta.

Abin da ake waƙa a kai shi ma ya yi ta faɗaɗa, har ya zama kusan babu abin da bai shiga ba. Sarakuna sun samu, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar wanda ya zama babban ubangidansa. Amma a layi ɗaya da su akwai 'yan kasuwa, direbobi, dogarai irin Hassan Sarkin Dogarai, 'yan bori irin Sarkin Bori Sule, da matan da jama'a ke yi wa kallon banza. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, an yi wa sojoji. Da Amurka ta tura kumbon Apollo 11 duniyar wata a 1969, shi ma ya samu tasa waƙar, da kalangun mahauta. Bakin da ya yi waƙar yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wadda har gobe ake sawa, shi ne ya yi ta mashaya wadda malamai ba su taɓa yafe masa ba. Mutane na son su zaɓi Shata ɗaya su ajiye ɗayan. Ƙungiyar dai duka ta kaɗa, da hannu ɗaya.

Ba zan wuce zambo ba, don shi ne ɓangaren da ya fi kusa da ihun da waɗancan samarin Shefil ke yi, kuma ya fi shi cizo nesa ba kusa ba. Ihun Bature a kan baƙin cikinsa ne, ko a kan duniya gaba ɗaya. Zambon Shata kuwa da adireshi yake zuwa. Waƙa irin Gagarabadau mutum aka nufa da ita. Mu yau muna ji muna dariya muna yanka ta muna sawa a TikTok, amma ku tuna wanda aka yi wa yana da mata da 'ya'ya, kuma ba shi da rediyon da zai rama. Wani ɓangare na kyautar da manya ke yi wa ƙungiyar so ne, wani ɓangaren kuma tsoro ne, kowa ya san haka. Ni ina ganin duk mai son Shata da gaske dole ya iya riƙe abu biyun: gwaninta ce da ba a yi irinta ba, kuma makami ne da wani lokaci ya sari wanda bai kai a sare shi haka ba. 'Yan amshin da ke maimaita gindin zambo sau hamsin, su ma da hannunsu a ciki.

Siyasa ma ya shige ta da ƙafarsa, bai tsaya yi wa 'yan siyasa waƙa kawai ba. Ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, a jamhuriya ta uku kuma ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP na Funtua, kujerar da bai ƙare da ita lafiya ba. Ta ɓangaren boko kuwa, tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Daga nan aka koma cewa Dakta. Yaron da ubansa ya ji kunyar sana'arsa.

To ga inda kwatancen da na fara da shi ya rabu biyu. Bring Me The Horizon da suka so su kai ga jama'a masu yawa, kayan kiɗan suka canza, suka shigo da fiyano da kwamfuta, suka rage ihu. Haka yawancin ƙungiyoyin irinsu suka yi, shi ya sa rigimar "an sayar da mu" ba ta ƙarewa a tsakanin masoyansu. Ƙungiyar Shata kuwa masu sauraro ta yi ta canzawa, daga 'yan matan dandali zuwa manoman auduga, zuwa 'ya'yan sarki, zuwa gwamnoni da malaman jami'a, kayan aikin na nan yadda suke. Zamanin da kiɗan haylayif da jita da ƙahonin Turawa ke tashe a otal otal na Kaduna da Jos, ba su ɗauka ba. Duk canjin a cikin gida aka yi shi: saurin kiɗa, kaurin amshi, tsawon waƙa, inda murya ke zama, da abin da aka yarda a faɗa.

Abin da ya ci ƙarfin irin wannan ƙungiya daga ƙarshe, kuɗi ne da na'ura, su ɗin da suka ɗaga ta. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, masaƙu suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, manoman yankin da yawa suka koma masara da waken suya. Kuɗin kaka na nan, amma ba irin na fuloti ba. A shekarun 1990 kuma situdiyoyin Kano suka gano cewa fiyanon Yamaha guda ɗaya zai iya kwaikwayon kalangu da ganga da sarewa, yaro ɗaya ya haɗa kiɗan da da sai mutum goma. Wa zai ciyar da mutum goma da iyalansu? Shata ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka rufe. Ƙungiyar da aka gina a kan bakin mutum ɗaya mai ƙirƙira nan take ba ta da yadda za ta ci gaba yadda take, ko da duk makaɗan na raye. Yau mawaƙin da ya fi tashe daga wannan yanki shi ne Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙasar Danja, kuma ku saurare shi da kyau: gajeren gindi mai kama baki, jera sunaye, habaici mai adireshi. Gadon tsarin na nan. Kalangun ne ya koma cikin kwamfuta, 'yan amshin kuma sau ɗaya ake ɗaukar muryarsu a yi ta liƙawa. A ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Dandume kuwa, matsalar tsaro ta sa wasan dare da kansa ya ja baya, wato makarantar da ke yaye makaɗan kalangu tun farko.

Wanda yake son ya bi mutanen da ke bayan muryar, akwai inda zai fara. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa ya fito a 2006, Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara kuma ya shafe shekaru yana bin waƙoƙin da waɗanda aka yi wa su da waɗanda suka yi aiki a ƙungiyar. Sauran tarihin yana cikin akwatunan kaset a gidajen Funtua, Bakori da Malumfashi, waɗanda zafi da ƙura ke ci kullum, da kuma bakin tsofaffin da suka tsaya a filin wasan da idonsu. In akwai irin akwatin nan a gidanku, akwai masu mayar da kaset cikin waya a kasuwa, kuma ku rubuta abin da ke jikin kwalin kafin ku yar, wuri da shekara in an sa, don sau da yawa wannan rubutun na biro shi kaɗai ne shaidar ranar da aka yi wasan.

Funtua ba ƙungiya ɗaya ta fitar ba. A garin nan dai, a shekarun da kalangun Shata ke cika fili, akwai wata ƙungiyar ta mata zalla, da ƙore a kife a kan ruwa, suna kiɗan amada a cikin gidaje inda maza ba sa shiga, suna faɗin abin da ko Shata sai ya yi tunani kafin ya faɗa. Jagorarsu Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013. Ita za mu ɗauka a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.